Rabin Mataki Saboda Sitt Ansaf

Babana, Hilmi Mitwalli, shekara talatin da ɗaya ya yi yana zama a kujerar ƙarshe ta hannun hagu cikin ƙungiyar makaɗa, daidai inda labule ke cinye rabin mutum idan an ɗauki hoto. Duk hotunan da ke bangon falonmu haka suke: masu goge sahu biyu cikin baƙaƙen kwat, mai kanun, allon kiɗan nan mai tsirkiyoyi da yawa, a gaba ya shimfiɗa hannu a kansa, mawaƙiya a tsakiya da hankici, sai can gefe ka hango kunne ɗaya da kafaɗa. Idan baƙo ya tambaya ina Ustaz Hilmi a nan, sai Mama ta ɗora yatsa a kan kunnen ta ce, "Ga shi nan, ko kaɗan bai canja ba."

Rikk yake bugawa, ɗan bandirin nan na fatar kifi mai ƙananan faya-fayen tagulla a gefe. A lungunmu na bayan Titin Muhammad Ali, inda kusan kowane gida akwai mai ci da kiɗa, ba a raina mai bandiri, don kowa ya san a hannunsa gudun waƙa yake. In ya yi sauri, mutum arba'in su yi sauri. In ya yi nawa, su bi shi su yi nawa. Shugaban makaɗa yana can gaba yana kaɗa hannu don 'yan kallo, amma kunnen kowa yana wajen kujerar nan ta jikin labule.

Da sanyi fatar kifi takan saki, sautinta ya mutu. Sai Baba ya cusa bandirin cikin riga, a kan cikinsa, ya tafi da shi haka tun daga gida har ɗakin ɗaukar sauti. Mama takan leƙo ta taga ta ce, "Allah ya sauke ka lafiya, Abu Afaf!" Matan maƙwabta su kwashe da dariya, shi kuwa ko waiwaye ba ya yi.

Bai taɓa tsara waƙa ba, sunansa bai taɓa fitowa a bayan faifai ba. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, magana ce da makaɗa ke faɗa a kansa: hannun Hilmi ba ya gudu. An faɗe ta a gidan gahawa, an faɗe ta a gaban manya, da ita ya tsufa. Ni Afaf, 'yarsa tilo, da na ƙare malamar lissafi a makarantar 'yan mata, na tashi ina jin haushin maganar nan, don mutumin ko sukari zai motsa a shayi sai ya motsa shi a ƙidaye. Sai da na girma na gane cewa in ka cire masa ita, ba abin da ya rage masa.

A cikin ɗaruruwan waƙoƙin da ya buga, ɗaya ce tamu ta gida. A shekarar 1962 aka ɗauke ta, da muryar mawaƙiya Sitt Ansaf. Ba ta cikin manya-manyan da ake rufe shaguna dominsu, amma tana da murya mai kauri, mai nauyi, wadda ke fitowa daga ƙirji. Waƙar wata mata ce da ta raka nata tashar jirgin ƙasa ta dawo gida ita kaɗai. A kan Saba aka gina ta, hanyar muryar nan da ba ma jin ta sai mun tuna wanda muka rasa. Tafiyarta a hankali take, minti ashirin da ɗaya, goge na ja, sarewa na amsawa, bandirin Baba na takawa a ƙarƙashi ba tare da ya nuna kansa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar gidan rediyo kan sa ta. Mama takan ajiye wuƙar yankan mulukiya, ganyen miyarmu, a kan faranti, ta zauna da hannunta kore shar, ba ta motsi. A ƙasa mai gugar tufafi ya ɗaga dutsen gugarsa ya tsaya. Daga tagogi huɗu ko biyar kana jin waƙar guda tana fitowa. Ina kewar la'asar ɗin nan, ba zan ɓoye ba. Daga baya rediyo ta daina sa ta, Sitt Ansaf ta rasu, Mama ta bi ta, lungu ya cika da shagunan kayan ɗaki. Shekara ashirin ba mu ƙara jin waƙar ba.

Kunnen Baba ma ya tafi. Da ya haura saba'in da biyar, muryoyi sun zame masa hayaniya. Sama da ƙasa duk ɗaya ne a wajensa. Bugu kaɗai ya rage masa, shi ma sai ya ɗora tafin hannu a kan rikoda yake jin sa.

Wata Juma'a da safe, a shekarar 1996, muna cin wake da burodi, sai ga Ustaz Fikri ya hau mana bene yana haki. Tsohon mai goge ne, abokin Baba tun suna samari, mutumin da bakinsa bai taɓa yin ritaya ba. Yana ɗaga wani kaset sama kamar ya ci gasa.

"Abu Afaf! Sun tono mu! Wani kamfani ya fito da waƙar Sitt Ansaf, an ce ma an wanke ta tas!"

Na sa kaset ɗin. Baba ya goge yatsunsa, ya ɗora tafi a kan rikoda, ya rufe ido. Goge ya shigo, bandiri ya shigo. Ina kallon ɗan yatsansa na ɗaya hannun yana bugun tebur, sai na ga ya rikice, ya tsaya, ya sake kamawa, ya sake tsayawa.

Ustaz Fikri ya karkata kai, ya saurara, sai ya fashe da dariya. Ya matso bakin kunnen Baba ya ɗaga murya.

"Kai! Wa ya biyo ka ranar nan? Ko wake ka bari a wuta?"

"Ba haka na buga ba," in ji Baba.

"To aljani ne ya buga? Ga ka nan kana sukuwa, mu muna binka da gudu! Shekara talatin kana harararmu, ashe kai ne uban 'yan sauri!"

Wasa yake yi, na sani. Da a ce ya dubi fuskar abokinsa da ya yi shiru, amma Ustaz Fikri bai taɓa duban fuskar kowa ba in ya sami abin dariya. Kafin Azahar labari ya kai gidan gahawa. Tsofaffin da Baba ya yi shekaru yana yi wa gyara suka samu nama. Da ya shigo sai wani ya ce a ba Ustaz Hilmi hanya, sauri yake. Abin da ya fi ƙona mini rai, waƙar ta karɓu. Direbobin ƙananan bas suka ɗauke ta, har na ji ta a motar 'yan biki ana tafi. Waƙar da ke hana Mama yanka mulukiya!

Baba ya daina sauka gidan gahawa. Ya naɗe bandirinsa cikin tsohon tawul ya ɗora a kan kwaba. Kullum da hantsi zai sa kaset ɗin, ya ɗora hannu, ya ji, ya kashe. Ya rage cin abinci. Wata rana na kawo masa shayi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na'ura ba ta ƙarya, Afaf. Mutum ne ke yi. Ashe ƙarya na yi ta yi wa mutane, har na yarda da ita."

Ni ban san kiɗa ba, amma na san muryar Sitt Ansaf kamar yadda na san ta Mama. Wadda ke cikin kaset ɗin nan siririya ce, kamar ta budurwa mai murnar sabon takalmi. Na faɗa wa Baba, ya ce tsufa ke sa mutum ya tuna komai da nauyi. Shi ba ya jin muryar, balle ya gaskata ni. Na duba bayan kaset, an rubuta minti goma sha tara da daƙiƙa hamsin. Minti ɗaya da ɗoriya ya yi ƙafa. Ina ya tafi? A ƙasan kwalin akwai adireshin kamfanin. Na ce masa ya sa kwat, za mu fita. Ya ce ba inda za shi. Na ce to zan je ni kaɗai in yi musu irin wadda nake yi wa 'yan aji uku. Ya san halina, ya tashi ya sa kwat.

Wanda ya yi aikin sunansa Injiniya Wagdi, mutum mai kimanin shekara arba'in, mai ladabi irin na wanda ya tabbata shi ke da gaskiya. Ya ba mu kujeru, ya aika a kawo gahawa. Da ya ji Baba na cikin waɗanda suka buga, har miƙewa ya yi ya sake gaishe shi. Na ajiye kaset a gabansa na tambaye shi inda ya kai minti ɗaya.

Ya yi murmushi. "Ustaza, ai wannan shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Da na ɗora tsohon tef ɗin, na auna, sai na ga sautin kowa ya sauka rabin mataki ƙasa da inda ya kamata. Goge, kanun, sarewa, har ita mawaƙiyar. Mutum arba'in ba za su yi kuskure iri ɗaya ba. Ke nan na'ura ce ta ja tef ɗin da nawa. Sai na ƙara masa gudu har muryar ta hau daidai. In ka ƙara gudu murya na hawa, lokaci kuma na raguwa. Ga inda mintinki ya tafi."

Na juya na maimaita wa Baba a kunne, kalma bayan kalma. Da na zo kan rabin mataki sai ya kama hannuna.

"Me ya ce? Ƙasa da rabin mataki?"

"Haka ya ce."

"Mu muka sauke!" Ya buga hannun kujera har gahawa ta zube. "Mu muka sauke da hannunmu! Ɗana, a ina ka yi karatu?"

"A Jamus, Ammu," in ji injiniyan, wato baffa. Na maimaita wa Baba.

"To a can murya ke bin kaya. A nan kaya ke bin murya. Mu ba mu taɓa ɗaure tsirkiya ba sai mawaƙiya ta iso. Ta shigo ta yi sallama, ta ɗan yi gyaran murya, marigayi Girgis mai kanun ya saurara, ya ji inda maƙogwaronta ya kwana. Nan zai ɗaure kanun, mu duka mu bi shi. Mai sarewa da jakarsa yake zuwa, dogaye da gajeru, don bai san wadda za a nema ba. Ranar nan Sitt Ansaf kwana tara da binne ƙaninta. Ta shigo da baƙin tabarau ta ce ina kwananku. Girgis ya sunkuya ya fara kwance tsirkiya. Mutum arba'in muka sauka muka same ta inda take."

Ban taɓa jin labarin nan ba, ni da na tashi a gidansa. Injiniya Wagdi ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, amma na ga irin gyaɗa kan da ake yi wa tsofaffi ne.

"Mai yiwuwa, Ammu. Amma shekara talatin da huɗu ba kwana biyu ba ne. Ni abin da allura ta nuna mini shi na sani."

Baba ya karanci fuskarsa, bai jira na maimaita ba. Ya nuna ɗakin gilashin da ke bayan injiniyan.

"Tef ɗin na asali yana nan?"

"Yana nan."

"Ɗora shi yadda ka same shi, kada ka taɓa komai. Sa ni a can ka rufe, kada in ji ko ɗis. Ai Allah ma ya riga ka toshe mini kunne. Ka ɗaga mini hannu in ya fara, ni zan buga daga kaina. Sai allurarka ta gaya mana wanda na bi, tsohon ko naka."

Tsoho ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ya yi wata biyu yana jin mai saurin kullum da hantsi. In hannunsa ya bi mai saurin fa? Na san in muka fita daga nan da wannan amsar, ba zai ƙara sauka daga bene ba sai an ɗauko shi. Na ce, "Baba, mu tafi gida, mun ji dalili, ya isa."

"Ke kika ji dalili," in ji shi. "Ni ban ji komai ba tukuna."

Aka kawo masa bandirin kamfani, na fatar roba. Ya juya shi, ya ɗan buga, ya ce, "Wannan murfin bokiti ne." Duk da haka ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya shiga ya zauna. Ta cikin gilashi na ga yadda ya ƙanƙance, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Injiniya ya nuna mini allurai biyu a jikin na'ura, ta hagu ta tsohon tef, ta dama ta ɗakin gilashi. Ya ɗaga hannu, ya saki tef.

Waƙar ta shigo da nauyinta na dā. Goge ya ja ƙasa-ƙasa, sarewa ta amsa, sai na ji ƙamshin mulukiya a hancina, wallahi, a cikin ɗakin nan mai sanyin na'ura. Na danne, na zuba wa allurai ido. Ta hagu ta yi tsalle, ta dama ta yi tsalle tare da ita. Suka sake. Suka sake. Baba yana can idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi, ba abin da yake ji sai abin da ke kansa. Minti ɗaya, minti biyu. Sitt Ansaf ta shigo da muryarta ta gaskiya, mai kaurin nan, allurai na tafe kafaɗa da kafaɗa. Injiniya Wagdi ya cire tabarau ya goge ya mayar. A minti na huɗu ya ce, a hankali, "La ilaha illallah."

Har na fara sakin numfashi. Sai can wajen ƙarshen baiti na biyu, allurar Baba ta yi tsalle, ta tef tana kwance. Ya buga na gaba, ita sai yanzu ta tashi. Ya wuce ta. Daga nan duk bugun da ya yi yana gaba, tef na biye.

Injiniya ya tsai da na'ura. Baba ya buɗe ido ya ga fuskokinmu. Ya fito yana riƙe da bandirin, ya dube ni, ba injiniyan ba.

"Na yi gudu?"

Injiniya Wagdi ne ya ce, "Zo nan, Ammu." Ya mayar da tef baya kaɗan, ya ƙure ƙara, ya kama hannun Baba ya ɗora a jikin babbar lasifika.

Wurin da matar ke cewa ta juyo daga tasha ne. Sitt Ansaf ta ɗauko kalmar, ta kai tsakiya, muryar ta karye. Shiru. Goge duka sun rataye a sama. Nan ya kamata bandiri ya sauka, bai sauka ba. Ana jin ta tana jan numfashi, irin na wanda kuka ya shaƙe. Sai da ta kamo muryarta, sannan bandiri ya sauka tare da ita, a hankali, kowa ya biyo.

Baba ya tsaya hannunsa a jikin lasifika. Ya ji ramin da tafinsa.

"Ita ce ta tsaya, Baba," na faɗa masa a kunne. "Muryarta ta karye. Kai kuma ka jira ta."

Ya juyo ya dube ni.

"Bayanta nake gani daga kujerata. Na ga kafaɗarta na rawa. Hannuna ya riga ya tashi, na hana shi sauka." Ya girgiza kai. "Na manta. Wallahi na manta na yi haka."

Ni kuka nake sosai, ba na ma ɓoyewa. Injiniya Wagdi ya sunkuya ya sumbaci kan Baba ya ce ya yafe masa, shi ne ya yi gudu, ba Ammu Hilmi ba. Ya ce wanda ya riga ya shiga kasuwa ba shi da ikon dawo da shi, amma yanzu-yanzu zai juye mana na asali a kaset, ya ƙara ɗaya a kai wa mutanen gidan gahawa. Mutumin kirki ne, so yake ya gyara ɓarnarsa ta kowace hanya. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko 'yar reza.

"Ɗan gibin nan kuma, Ammu, bai kai daƙiƙa biyu ba. Yanka ɗaya zan yi wa naka kwafin in haɗe. Gudun zai tafi daidai daga farko har ƙarshe, kamar yadda ka buga shi yau. Ba wanda zai ƙara cewa hannunka ya taɓa kaucewa."

Na maimaita wa Baba. Ya dubi rezar, ya miƙa hannu ya rufe tef ɗin da tafinsa.

"Wanda na buga yau, ɗana, agogo ma zai iya. A shekara talatin da ɗaya ɗan jiran nan ne kaɗai nawa. Bar mini shi."

Injiniya ya mayar da rezar aljihun tebur. Baba ya koma ya ɗora hannu a jikin lasifika, ya ce a sake sa masa wurin.